Yaya rayuwar fursunonin da Birtaniya ta kora zuwa Ostireliya ta kasance?

Tambaya: Malam, na sha jin ana cewa ɓarayi da masu kisan kai da Ingila ta kwaso daga kurkukunta ne suka kafa Ostireliya. Gaskiya ne? Su wane ne waɗannan mutane, wace irin rayuwa suka yi a can, kuma akwai bambanci tsakaninsu da bayi?

Amsa: Da gaskiya a cikin abin da ka ji, ɗan'uwa, sai dai an gutsure ta. Tsakanin 1788 da 1868 gwamnatin Birtaniya ta tasa ƙeyar mutum kusan 162,000 zuwa Ostireliya, kimanin 25,000 daga cikinsu mata. Ɓarayi kam su ne suka fi yawa. Masu kisan kai kuwa kaɗan ne, domin a wancan zamani wanda ya yi kisa a gida ake rataye shi. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, hukunci uku alƙali ya fi furtawa: korar shekara 7, ko 14, ko ta rai-da-rai. Amma irin rayuwar da mutum zai tarar bayan ya sauka, ba alƙali ke yanke ta ba. Shekarar da ya isa, da sana'ar da ke hannunsa, da hannun wanda ya faɗa, su ke yanke ta. Mutum biyu da suka kwana gefe da gefe a jirgi ɗaya, sai ka tarar ɗaya ya mutu ya bar gidaje da garken tumaki, ɗayan kuma ya ƙare a sansanin horo na tsibirin Norfolk, bulala ta gama farfasa masa baya.

Ba a Ostireliya abin ya fara ba. Dokokin Ingila na lokacin sun tara laifuffukan da hukuncinsu kisa ne har suka haura 200 a farkon ƙarni na 19, kuma satar kayan sule 5 a ɓoye daga kanti tana cikinsu. Alƙalai ba sa son rataye mutum a kan ƙyalle ko agogo, gidajen yarin da ake da su kuma ba a gina su don dogon ɗauri ba. Kora ce ta zama mafita. Tun daga dokar 1718 ake kwasar masu laifi zuwa Amurka, musamman Maryland da Bajiniya, inda 'yan kasuwa ke sayar da shekarun aikinsu ga masu gonakin taba. Kimanin mutum 50,000 aka kai ta wannan hanya kafin yaƙin 'yancin Amurka ya toshe ta a 1775. Daga 1776 sai aka riƙa cusa fursunoni cikin tsofaffin jiragen ruwa da suka daina tafiya, aka kafe su a kogin Thames, da rana a fito da su yashe kogi, da dare a rufe su a ƙasan jirgi. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya yi musu mummunan kisa. A nan ne yankinmu ya shigo labarin: a 1782 an tura wasu a matsayin sojoji zuwa ganuwoyin Turawa na gaɓar Gold Coast, wato Ghana ta yau, da yawa suka mutu, wasu suka gudu wajen 'yan Holan. A 1785 an kawo shawarar jibge fursunoni a wani tsibiri cikin kogin Gambiya, kwamitin majalisa ya ƙi, saboda kowa ya san zazzaɓi zai cinye su. Bayan duk waɗannan sun rushe ne aka waiwayi Botany Bay, a gaɓar gabashin Ostireliya.

Jirage 11 suka tashi daga Portsmouth ranar 13 ga Mayu 1787 a ƙarƙashin Arthur Phillip, ɗauke da fursunoni sama da 700. Sai da suka yi wata takwas a hanya, suka yada zango a Tenerife da Rio de Janeiro da Cape Town, kafin suka kafa sansani a inda birnin Sidni yake yanzu ranar 26 ga Janairu 1788. A cikinsu akwai wani yaro mai sharar bututun hayaƙi, John Hudson, wanda aka yanke wa hukunci yana ɗan shekara 9.

Su wane ne mutanen? Talakawa ne ma'aikata, yawancinsu samari da 'yan mata masu shekara ashirin da 'yan kai, daga unguwannin Landan da garuruwan masaƙu da ƙauyukan Ailan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu 'yan Ailan ne. Ba zan ce maka duk waɗanda aka kora yunwa ce ta sa suka saci burodi ba, wannan tatsuniya ce da jikokinsu suka fi son ji. Da yawa ba karonsu na farko ba ne a gaban alƙali, akwai masu yankan aljihu da masu fasa gida da ɓarayin tumaki da dawaki da masu jabun kuɗi. Amma masu bincike da suka zauna suka ƙirga rajistar jiragen a shekarun 1980 sun nuna cewa ba wata zuriyar miyagu ba ce ta daban. Akwai magina, kafintoci, maƙera, teloli, masu ɗinkin takalmi, akawuna, 'yan aikin gida, kuma mafi yawan na Ingila suna iya karatu ko da ba su iya rubutu ba.

Kafin tashi, akwai wani abu da suke yi wanda a ganina ya fi kowace takardar gwamnati bayyana halin da suke ciki. Mutum zai sami babban kwabon tagulla irin wanda aka buga a 1797, ya goge fuskokinsa biyu har hoton sarki ya ɓace, sannan ya sa ƙusa ya tsattsaga sunansa, da shekarun da aka yanke masa, da ranar hukunci. Wani ya zana zuciya da kibiya ta huda ta, wani ya zana mutum da mari a ƙafa, wani jirgin ruwa. A ɗaya gefen sai 'yan kalmomi, galibi roƙo ne cewa duk lokacin da kika ga wannan ki tuna da ni. A bai wa uwa, ko mata, ko budurwa. Gidan tarihin ƙasa da ke Kanbera yana da sama da 300 daga cikinsu. Wanda ya zauna ya yi wannan aiki ya san ko da shekara 7 aka ce, tafiyar ba ta dawowa ba ce. Gwamnati ta biya kuɗin zuwa, ba ta biyan na komowa, kuma har zuwa 1834 wanda ya dawo kafin wa'adinsa ya cika, rataya ce hukuncinsa.

Tafiyar kanta ta bambanta ƙwarai. Phillip ya kula da mutanensa, ya saya musu nama da ɗanyen kayan lambu a kowane zango, shi ya sa mace-macen ayarin farko ba su yi yawa ba. Ayari na biyu, na 1790, shi ne abin kunya. An ba da kwangilarsa ga kamfanin Camden, Calvert da King, masu fataucin bayi, aka yi ciniki a kan fam 17 da sule 7 da sisi ga kowane fursunan da aka loda, ko ya sauka da rai ko bai sauka ba. Ka ga ke nan mutuwar mutum riba ce ga ɗan kwangila, tunda abincin mamaci zai sayar idan an isa. An ɗaure mutane a ƙasan jirgi da irin marin da ake sa wa bayi, ruwa na kwarara a kansu, yunwa ta kai wasu suna ɓoye gawar maƙwabcinsu don su ci gaba da karɓar rabonsa. Cikin mutum kusan 1,000, sama da kashi ɗaya cikin huɗu sun mutu a teku, wasu da yawa suka bi su bayan sauka. Limamin Kirista na sansanin, Richard Johnson, ya rubuta cewa ya ga ana fito da mutane ba sa iya tsayuwa, wasu suna rarrafe, wasu suna cikawa a cikin kwalekwale kafin a kai gaɓa. Ba wanda kotu ta kama da laifi. Gyara ya zo a hankali: aka fara biyan lada a kan wanda ya sauka lafiya, sannan daga 1815 aka sa likitan sojan ruwa a kowane jirgi da ikon kula da tsafta da abinci da ruwan lemun tsami. Wanda ya matsa a yi haka, William Redfern, shi kansa tsohon fursuna ne da aka kora saboda hannu a boren sojan ruwa na 1797. Bayan nan mace-mace suka faɗi ƙasa da biyu cikin ɗari, tafiyar ta koma kamar wata huɗu, har makaranta ake yi a cikin jirgi.

Shekarun farko yunwa ce ta mallaki kowa. Rabon namiji na mako, a ma'aunin nauyi, shi ne fam 7 na garin alkama, fam 7 na naman sa mai gishiri ko fam 4 na alade, da ɗan wake da man shanu da shinkafa, mace kuma kashi biyu cikin uku na wannan. Ƙasar Sidni ba ta karɓi irin da aka kawo ba, manoma na gaske kaɗan ne a cikinsu, jirgin agajin da aka aiko ya yi karo da dutsen ƙanƙara a ƙarshen 1789, wani jirgin sansanin kuma ya farfashe a tsibirin Norfolk a 1790. Aka yi ta zaftare rabo har mutane suka kasa cikakken aikin yini. Mutum na farko da aka rataye, Thomas Barrett, a watan Fabrairu 1788, satar abinci ya yi daga rumbun gwamnati. Phillip ya yi abu guda da ya cancanci a ambata: ya sa rabonsa da na hafsoshi daidai da na fursuna, har garinsa na kansa ya zuba a rumbun jama'a.

Yanzu ga batun bauta, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a shekaru talatin na farko babu gidan yarin da ake kwana a Sidni ga yawancinsu. Teku da daji su ne katanga. Mutum zai yi aikin gwamnati daga asuba zuwa wajen ƙarfe uku na rana, sauran yinin nasa ne, ya yi ƙodago ya biya kuɗin ɗaki. Sai a 1819 aka buɗe barikin Hyde Park aka fara kulle maza da dare. Mafi yawa kuma ba a hannun gwamnati suka yi wa'adinsu ba, rarraba su aka yi ga masu gonaki da 'yan kasuwa. Ubangida zai ba da abinci da tufa da makwanci, fursuna ya ba da ƙarfinsa kyauta. Nan ne sa'a take shiga. Magini ko akawu kowa na rububinsa, har ubangida kan lallaɓa shi da shayi da sukari da taba don ya yi aiki da kyau. Yaron birni da bai taɓa riƙe gatari ba kuwa, sai a tura shi can cikin daji kiwon tumaki, watanni bai ga fuskar mutum ba sai ta abokin bukkarsa, in kuma tunkiya ta ɓata bayansa ne zai biya.

Wannan aikin tilas ne, ba na shakka, kuma masu adawa da tsarin a Ingila sun kira shi bauta ƙiri-ƙiri. Amma akwai bambance-bambance na gaske. Fursuna ba dukiyar ubangida ba ne, ba a sayar da shi, wa'adinsa yana da ƙarshe, 'ya'yansa 'yantattu ne tun daga ranar haihuwa, kuma yana da bakin magana a kotu. Dubi abin da ya faru a watan Yuli 1788. Henry Kable da Susannah Holmes sun haɗu a kurkukun Norwich, duka biyun an taɓa yanke musu kisa aka sassauta, suka haifi ɗa a can. Labarinsu ya taɓa zukatan mutane a Landan har aka tara kuɗi aka saya musu ƙunshin kaya, aka damƙa wa matuƙin ɗaya daga cikin jiragen, Duncan Sinclair. Da aka isa, kayan suka yi ɓatan dabo. A dokar Ingila wanda aka taɓa yanke wa kisa ba shi da ikon kai ƙara. Duk da haka kotun Sidni ta saurare su, ta umarci matuƙin ya biya su fam 15. Wannan ita ce shari'ar farko ta neman haƙƙi a tarihin ƙasar, kuma fursunoni biyu da ba su iya rubuta sunansu ba ne suka ci ta. Bawa a gonakin rake na Jamaika a wannan shekara ba shi da irin wannan ƙofa.

Sai dai kada wannan ya sa ka raina bulalar. Doka ta hana ubangida dukan bararsa da hannunsa, dole ya kai shi gaban majistare. Amma wane ne majistaren? Sau da yawa maƙwabcinsa ne, mai gona kamarsa, mai nasa fursunonin. Rashin kunya, lalaci, maye, fashin aiki, duk suna jawo bulala 25 ko 50, a wasu lokuta 100. Akan tuɓe wa mutum riga, a ɗaure hannuwansa sama a jikin wasu sanduna uku da aka haɗa kawunansu. Bulalar igiyoyi tara ce, kowace da ƙulli. Mai dukan shi ma fursuna ne, ya san in ya sassauta hannu shi za a ɗaure a wurin. Ana ƙirgawa da ƙarfi, ana ba da tazara tsakanin duka da duka, in an gama a watsa ruwan gishiri a bayan, bayan ɗan lokaci a mayar da shi bakin aiki. A tsakaninsu abin alfahari ne mutum ya shanye ba tare da ya yi ihu ba. Wanda ya sake laifi sai a sa masa mari mai nauyi a tura shi fasa dutse, irin waɗanda suka sassaƙa babbar hanyar arewa daga Sidni tsakanin 1826 da 1836, suna kwana cikin akwatunan katako masu ƙafa da ake ja daga wuri zuwa wuri.

Halin mata ya fi ba ni takaici. Karuwanci ba laifin kora ba ne, kusan dukansu sata ce ta kawo su, galibi daga gidajen da suke aiki, amma manyan mutanen lokacin sun yi musu kuɗin goro da sunan karuwai. A jiragen farko ma'aikatan jirgi kan zaɓi wadda suke so su ajiye a matsayin mata har a sauka. A ƙasa kuma ana tura su aikatau gidajen mutane, inda ba su da mai kare su daga maigida ko baransa. Wadda ta yi ciki sai a mayar da ita gidan aikin mata, irin na Parramatta kusa da Sidni ko na Cascades a Hobart ta tsibirin Tasmaniya, ta haihu a can. Da an yaye jaririn sai a hukunta ta da watanni shida a sashen masu laifi saboda cikin da ta yi, namijin kuwa ba mai tambayarsa. Cascades a cikin kwari yake, ga sanyi ga danshi, jarirai sun yi ta mutuwa a ɗakin renonsa har jaridun Hobart suka yi ca a kan lamarin. Hukuncin da matan suka fi ƙi shi ne aske kai. Ba su zauna shiru ba: a 1827 matan Parramatta suka fasa ƙofa suka bazu cikin gari saboda an rage musu shayi da sukari. A gidan nan ne kuma namiji mai neman aure yake zuwa da takardar izini, a jera masa mata, ya nuna wadda ta yi masa, in ta yarda a ɗaura. Da yawa sun yarda, domin aure shi ne hanyar fita mafi kusa.

Abin da ya riƙe tsarin gaba ɗaya ba bulala kaɗai ba ce, har da kwaɗayin takardar sassauci. Mai shekara 7 in ya yi 4 ba tare da matsala ba, mai 14 in ya yi 6, mai rai-da-rai in ya yi 8, yana iya samun takardar da za ta ba shi damar yi wa kansa aiki a cikin gunduma ɗaya, muddin yana zuwa ƙidaya kuma yana halartar coci. Kuskure kaɗan a ƙwace ta. Gaba da ita akwai afuwa mai sharaɗi, wadda ke 'yanta mutum amma ta hana shi komawa Birtaniya, sannan cikakkiyar afuwa. A shekarun farko wanda ya gama wa'adi har gona ake ba shi. James Ruse, manomi daga Cornwall, shi ne ya fara samun eka 30 a Parramatta bayan ya nuna zai iya ciyar da kansa. Gwamna Lachlan Macquarie, wanda ya yi mulki daga 1810 zuwa 1821, ya tafi a kan cewa wanda ya gama hukuncinsa ya koma cikakken mutum. Ya naɗa tsofaffin fursunoni majistare, ya ci abinci da su a teburinsa. Francis Greenway, wanda aka kora saboda jabun takarda, shi ya zana barikin Hyde Park da cocin St James, daga baya hotonsa ya hau takardar dala 10 ta Ostireliya. Mary Reibey tana yarinya 'yar shekara goma sha uku zuwa sha huɗu aka kama ta da doki ba nata ba, sanye da kayan maza. Ta isa a 1792, mijinta ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, ta riƙe kasuwancin ta faɗaɗa shi, har bankin farko na ƙasar ya buɗe a gininta a 1817. Ita ce a jikin dala 20 ta yau.

Irin waɗannan labarai ne suka tayar da hankalin Landan. In talaka ya ji cewa ɓarawo yana cin nama kullum a can har ya mallaki gona, ina tsoron? Sai aka aiko John Thomas Bigge, tsohon babban alƙalin Trinidad, ya yi bincike, rahotanninsa na 1822 da 1823 suka ce a tsananta. Daga nan aka daina rabon gona, aka tura mutane daji wajen masu tumaki, aka ƙarfafa sansanonin horo na masu sake laifi. Shi ya sa na ce shekarar da mutum ya sauka tana cikin abin da ke yanke makomarsa: wanda ya zo a 1812 da wanda ya zo a 1832 ba ƙasa ɗaya suka tarar ba.

Waɗannan sansanoni su ne suka ba tsarin mummunan sunansa, ko da yake mafi yawan fursunoni ba su taɓa taka su ba. A Macquarie Harbour, yammacin Tasmaniya, daga 1822 zuwa 1833 mutane suna sarar manyan itatuwa cikin ruwan sanyi har ƙugu. A Port Arthur, wanda aka buɗe a 1830, an jera karnuka a ɗaure a kan siririyar ƙasar da ta haɗa wurin da sauran tsibirin, ga kuma gidan yarin yara a Point Puer daga 1834. Wajen 1850 aka gina wani sashe a can inda aka ajiye bulala aka koma horon shiru: mutum shi kaɗai a ɗaki awa 23, ba a kiran sunansa sai lamba, in zai fita a rufe masa fuska, ko a coci kowa da akwatinsa don kada ya ga na kusa da shi. Masu wannan dabara sun ɗauka ci gaba ne, amma ta taɓa ƙwaƙwalwar mutane da yawa. Mafi tsanani shi ne tsibirin Norfolk, sama da kilomita 1,400 cikin teku, wanda aka sake buɗewa a 1825 don ya zama matakin ƙarshe kafin rataya. Bayan boren 1834, fada William Ullathorne ya shiga ya karanta wa waɗanda aka yanke wa kisa sunayen wanda za a rataye da wanda aka yi wa afuwa. Ya ba da shaida cewa waɗanda aka bar su da rai kuka suka fashe da shi, waɗanda za a kashe kuma suka durƙusa suna gode wa Allah. A wannan tsibiri ne kuma Alexander Maconochie ya gwada wata hanya daga 1840: mutum ya tara maki da aiki da kyakkyawan hali ya fanshi kansa. Ya rage duka, ya bar su su yi lambu, ya kawo littattafai da kayan kiɗa. Aka ce ya yi laushi, aka cire shi a 1844. Wanda ya riƙe wurin daga 1846, John Price, ya dawo da azaba fiye da da, kuma a 1857 fursunoni suka kashe shi da duwatsu da kayan aiki kusa da Melbon.

Akwai 'yan tsiraru da siyasa ce ta kawo su. 'Yan tawayen Ailan na 1798, waɗanda wasunsu suka sake tayar da bore a Castle Hill a 1804. Leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle da aka yanke wa shekara 7 a 1834 saboda sun yi rantsuwar kafa ƙungiya lokacin da albashinsu ya faɗi zuwa sule 7 a mako. Mutum kusan 800,000 suka sa hannu a takardar koke, aka yi musu afuwa a 1836. Ba kuma duka farare ba ne. John Caesar, baƙar fata, yana cikin ayarin farko. William Cuffay, tela ɗan gwagwarmayar neman ƙuri'a ga talaka, wanda mahaifinsa aka haifa cikin bauta a St Kitts, an kai shi Tasmaniya a 1849. David Stuurman, shugaban Khoi daga Afirka ta Kudu, an kore shi a 1823 saboda bijire wa 'yan mulkin mallaka, ya rasu a Sidni a 1830.

Amsar ba za ta cika ba in ban faɗi wanda ya biya kuɗin wannan duka ba. Gonar da aka ba Ruse da makiyayar da fursuna ke tsaron tumaki a cikinta, ƙasar mutane ce da suka zauna a kanta dubban shekaru. A 1789 cutar agana ta share kaso mai yawa na mutanen yankin Sidni. A Tasmaniya yaƙin shekarun 1820 zuwa farkon 1830 ya kusa ƙarar da 'yan asalin tsibirin. Fursuna makiyayi shi ne a bakin iyaka, shi ake fara kai wa hari, shi ma kuma da hannunsa aka yi ɓarna mai yawa. A Myall Creek, a watan Yuni 1838, wasu fursunoni da tsofaffin fursunoni ƙarƙashin jagorancin wani ɗan mai gona suka ɗaure mutum aƙalla 28, yawancinsu mata da yara da tsofaffi, suka karkashe su. An rataye bakwai a watan Disamba na shekarar. Jagoran nasu, wanda ba fursuna ba ne, bai taɓa gurfana gaban kotu ba.

Ga mafi yawan waɗanda aka kora, rayuwa ba ta kai ta Mary Reibey ba, ba ta kuma kai ta Norfolk muni ba. Sun yi wa'adinsu, wasu da tabon bulala wasu babu, suka zama leburori da makiyaya da masu ƙananan shaguna. Sun fi 'yan'uwansu na gida samun nama, 'ya'yansu ma sun fi na Ingila tsawo. Gwamnati ta kawo wa wasu masu kyakkyawan hali matansu da 'ya'yansu kyauta, amma waɗannan kaɗan ne. Sauran sun rabu da iyali har abada, da yawa suka sake aure a can alhali matar farko tana raye a Ingila ko Ailan. Da yake maza sun ninka mata sau da yawa, dubbai ba su taɓa yin aure ba, suka tsufa a gidajen gajiyayyu na gwamnati.

Tsarin ya mutu ne a hankali. Kwamitin majalisa na Molesworth ya yi tir da shi a 1838, aka daina kai mutane New South Wales, yankin da Sidni take, a 1840. 'Yantattun baƙi da suka yi yawa ba sa son gasa da ma'aikacin da ba a biya, ba sa kuma son sunan ƙasar fursunoni, suka kafa ƙungiyar adawa. Gano zinariya a 1851 ya sa korar ɓarawo kyauta zuwa inda mutane ke biyan kuɗi don su je ta zama abin da ba ya kamawa. Tasmaniya ta karɓi jirginta na ƙarshe a 1853, har ta sauya suna daga Van Diemen's Land a 1856 don ta rabu da tabon. Yammacin Ostireliya, da ke ƙarancin ma'aikata, ita ta roƙi a kawo mata, ta karɓi maza kusan 9,700 daga 1850 har zuwa Janairu 1868 da jirgin Hougoumont ya sauke na ƙarshe a Fremantle. Iyalai sun shafe kusan ƙarni guda suna ɓoye cewa kakansu da sarƙa ya zo. Yau ana ƙiyasta kusan ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar jikokin fursunonin ne, kuma mutane na tururuwa neman sunan kaka a rajistar da gandirobobi suka rubuta, wadda ta ƙunshi tsawon mutum da launin idonsa da tabonsa da zanen da ke fatarsa da kowace bulala da aka yi masa. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wurare 11 na wannan tarihi cikin kayan gadon duniya, ciki har da Port Arthur da Cascades da barikin Hyde Park.